Guruf Ɗin Masu Gyara

Injiniya yana riƙe da fankar wata tsohuwar laftof tsakanin yatsu biyu, yana kakkaɓe ta da burushi, sai wayarsa ta shiga rawa a kan tebur, saƙo na bin saƙo. Bai kula ba. Ƙurar da ta toshe fankar ta dunƙule kamar audugar tsohuwar katifa, ita ke sa kwamfutar ɗaukar zafi har ta kashe kanta. Mai ita kuwa ya zo da safe yana rantsuwa bayros ne. Mutane ko kebul ya tsinke sai su ce bayros.

Dogo, mai shagon da ke jikin nasa, ya leƙo yana dariya har da dafe ciki.

"Injiniya, ka ga sabon kaya kuwa? Ƙwaro ya sake saki."

"Aiki nake."

"Kai kullum aiki. Wannan ta daban ce, wallahi. Duba ka sha kallo."

Guruf ne na masu gyaran kwamfuta, mutum sittin da 'yan kai. Don taimakon juna aka buɗe shi: wane yana neman allon laftof iri kaza, wane windo ta ƙi hawa masa, wane firinta ta gagare shi. Injiniya na cikin waɗanda aka fara sawa, don shekararsa ashirin da biyu a sana'ar, kuma da yawansu a hannunsa suka koyi riƙe sukuddireba. A hankali wani abu ya shigo. Mace ta kawo gyara, a ce ta bar faswod don a gwada, tana juya baya a faɗa foldar hotunanta. Abin da aka samu a turo. "Kaya" suke kiransa. Ƙwaro, wanda ya yi shekara huɗu yana koyo a wurin Injiniya kafin ya buɗe nasa shagon a bakin tasha, shi ne gwanin wannan farauta.

Injiniya bai taɓa turawa ba, bai kuma taɓa buɗe foldar kowa ba, kuma da wannan yake lallashin zuciyarsa. Sau ɗaya ya rubuta, "Ku ji tsoron Allah." Aka bi shi da alamun dariya, wani ya ce liman ya iso a gyara sahu. Daga ranar ya kama bakinsa. Fita dai bai yi ba, don a nan ake samun kayan gyara da sauƙi. Sai dai ya goge abin da aka turo, wani lokacin bayan idonsa ya ɗan tsaya a kai.

Sai da ya mayar da fankar ya ɗaure ta, sannan ya jawo wayar da niyyar gogewa.

Hotuna huɗu ne. Ƙirjin mace ne, ba fuska. Ɓangaren hagu a shafe yake, dogon ɗinki ya ratsa shi har zuwa hammata. A na huɗun ana ganin haɓa da hannun da ke riƙe da waya a gaban madubi. A bayanta kuma ga shuɗin labule mai furanni, ga soket a bango wanda aka naɗe gefensa da jan salatif.

Shi ya naɗe soket ɗin da hannunsa.

Wata takwas da suka wuce ya zauna a kan bencin asibiti awa biyar, yana jiran a fito da 'yarsa daga tiyata. Sunan mahaifiyarsa ya sa mata, shi ya sa yake kiranta Mamana. Shekararta ashirin da bakwai, malama ce a makarantar firamare. Likitoci suka ce in ana son ranta sai an cire nonon, aka cire. Ban da shi da mahaifiyarta da ƙanwarsa guda, ba wanda ya sani.

A ƙarƙashin hotunan Ƙwaro ya rubuta, "Malamar makaranta ce fa," har da sunan makarantar da ya gani a cikin kwamfutar. Wani ya amsa, "Wa zai sayi mota mai fitila ɗaya?" Alamun dariya suka yi layi har ƙasa. Injiniya ya ji shagon ya yi masa nisa, ƙarar janareton maƙwabta kamar daga cikin rijiya take fitowa.

* * *

Bai san yadda ya kai bakin tasha ba. Ƙwaro yana zaune a bayan kanta, kiɗa na tashi, yana ganinsa ya miƙe ya rage sauti.

"A'a, Maigida! Yau kai ne da kanka? Da ka kira ai da na zo."

Idon Injiniya na kan kanta, inda wata laftof mai ruwan toka take a kife, cikinta a buɗe. Shi ya saya wa Mamana ita ranar da ta kama aiki. An zaro ma'ajiyar bayananta an jona a kwamfutar Ƙwaro da gajeren kebul.

"Me ke damun wannan?"

"Ba wani abu ba ne. Afdet take yi wuta ta ɗauke, batirin kuma ya mutu, shi ne take ta zagaye ta ƙi buɗewa. Ban ma fara ba tukuna."

"Ba ka fara ba."

"Aiki ne ya yi yawa, Maigida."

"'Yata ce."

Murmushin ya bushe a fuskar Ƙwaro. Ya dubi laftof ɗin, ya dubi maigidansa, ya durƙusa har gwiwarsa ta bugi kwalin cajoji.

"Wallahi tallahi ban san taka ba ce! Da takunkumi a fuska ta zo, ba ta faɗi komai ba. Da na sani ko kusa..."

"Da ta wani ce fa?"

Ƙwaro ya ɗago, muryarsa a ƙasa, ba da rashin kunya ba, kamar mai tuna wa babba abin da ya manta.

"Maigida, ai kana ciki ake yi."

Hannun da Injiniya ya ɗaga zai mare shi ya tsaya a sama, sannan ya sauko da kansa. Ƙwaro ya goge hotunan a gabansa. Su duka biyun sun san aikin banza ne. Awa biyu kenan da turawa, kuma mutum sittin kowa da nasa abokan. Injiniya ya zare ma'ajiyar, ya tattara ƙananan kusoshin a aljihu, ya rungumi laftof ɗin ya fita.

* * *

Kwana biyu bai faɗa wa kowa ba, yana addu'ar abin ya mutu a hanya. A rana ta uku matarsa ta kira shi da hantsi, ta ce ya zo gida yanzu.

Ya tarar da ita a tsakar gida, ta zauna a kan bokitin wanki da ta kife, kayan da ta jiƙa suna nan a baho.

"Malam, an koro ta. Shugabar makaranta ta ce ta zauna a gida har ƙura ta lafa. Wai iyayen yara ne suka yi ta kira. Wata har cewa ta yi ba za ta bar mai ɗaukar hoton tsiraici ta koyar da ɗanta ba." Ta share hanci da bakin zani. "Ƙanwarka ma ta kira. Ba ta tambayi lafiyarta ba, cewa ta yi me ya kai ta."

"Zan kai ƙara."

"Ka kai wa wa? Su ma su ce a nuna musu hotunan, su zagaya da su ofis-ofis?"

Ya yi sallama a ƙofar ɗakin sau biyu kafin a amsa. Mamana tana zaune a ƙasa, bayanta a jikin gado, ko jakar makaranta ba ta sauke daga kafaɗa ba. Littattafan yara da ta ɗauko don dubawa sun leƙo ta bakin jakar. Ba kuka take yi ba, kuma da kukan ya tarar da ya fi masa sauƙi.

"Likita ce ta ce in riƙa ɗaukar hoton wurin duk sati ina tura mata," ta ce, ba ta dube shi ba. "Don kada in riƙa wahalar zuwa. Na kwashe su daga waya na sa a kwamfuta, saboda yara suna yawan taɓa min waya."

"Mamana, me ya sa ba ki kawo min ba? Aikin minti ashirin ne."

"Kunya na ji, Baba. Tsoro nake kada ka gani."

Ya zauna a bakin ƙofa.

"Yau wani yaro a ajina ya rufe ido ɗaya da hannu, sauran suka fashe da dariya. Ɗan shekara tara. Ni na koya masa rubuta sunansa." Ta gyara igiyar jakar a kafaɗarta. "Mama ta ce tun shekaranjiya ka dawo da kwamfutar. Ya aka yi ka riga kowa sani?"

Ƙarya tana nan kusa, mai sauƙi: wani ne ya kira ni. Ya buɗe baki, ta ƙi fitowa.

"A guruf ɗinmu aka sa."

"Naku? Kana ciki?"

"Ina ciki."

"Tun yaushe?"

"Shekara uku."

Sai a lokacin ta juyo ta dube shi.

"Ni ce ta farko?"

Ya sunkuyar da kai. Ta daɗe tana kallon furfurar da ke tsakiyar kansa, sannan ta ce a hankali, da ladabin da bai taɓa jin ya yi masa ciwo haka ba, "Baba, don Allah ja min ƙofar."

* * *

Washegari ya gyara ta. Ya mayar da ma'ajiyar, ya jona filashi, ya janye afdet ɗin da ta tsaya a rabi ya sake sa ta daga farko. Ya canza batir, ya goge allon da tsumma mai laushi. Minti goma sha takwas ta buɗe lafiya lau. Daga nan ya ɗauki waya ya fita daga guruf ɗin. Ba wanda ya kira ya tambayi dalili. Da la'asar ya jiyo Dogo ta bayan katako yana dariya ƙasa-ƙasa da wani, da suka ji motsinsa suka yi tsit.

Da ya koma gida ƙofarta a rufe take. Ya ƙwanƙwasa.

"Mamana, ga kwamfutarki. Ta gyaru. Na sa miki sabon batir."

Ba amsa. Ya ajiye ta a ƙasa a bakin ƙofar, ya naɗe cajar da kyau ya ɗora a kai.

Da safe da zai fita tana nan inda ya bar ta. An fito an yi alwala an koma, ga sawun ƙafa mai laima ya tsallake ta. Matarsa na shara, ta iso wurin, ta ɗan tsaya da tsintsiya a hannu. Sai ta share gabanta, ta share gefe da gefe, ta wuce ba ta taɓa ta ba.