Laka a Kujerar Baya

"Delbert, don Allah lallaɓa! Shekara tamanin nake riƙe da ita a nan!"

Rosaire ya ƙara matse bututun tsakanin gwiwoyinsa, motar na tsalle a kan hanyar ƙanƙara, wadda sai lokacin sanyi take biyuwa. Bututun roba ne garai-garai, tsawon hannu, cike da lakar da ya zaƙulo da safe daga ƙasan tafkin garinsu. Malamar jami'ar da ke jiransa a birnin Fort McMurray ta ja masa kunne har sau uku: laka hawa-hawa take kwanciya, ta bana a kan ta bara. In bututun ya karkata, shekarun suka cakuɗe, ba mai iya nuna lokacin da ƙurar masu haƙar mai ta fara sauka cikin ruwan da suke kamun kifi. Ga ƙanƙara ta soma narkewa. Jibi za a rufe hanya, sai kuma baɗi.

Gwaggonsa Philomene, da suka rage wa hanya zuwa likitan ido, ta dube shi sheƙeƙe.

"'Ya'ya huɗu ka haifa, ban taɓa ganin ka rungumi ɗaya haka ba. An raɗa mata suna?"

Delbert direba ya tuntsire da dariya.

"Aikin kimiyya ne, Gwaggo," in ji Rosaire.

"Kimiyyar banza. Shekarata saba'in da tara ina cin kifin nan, kalau nake. Ƙato da kai, da furfura, ka zama mai renon taɓo."

Sai wata masifar ta taso wa Rosaire: fitsari. Kofi uku na shayi ya ɗirka kafin su tashi. Ya cije, ya ƙirga itatuwa, ya yi addu'o'in da rabonsa da su tun yana makaranta. Daga ƙarshe dai ya ce a tsaya.

"Tafi da amaryarka mana," in ji Delbert.

"Da wane hannun zan kwance wando?"

Ba yadda ya iya, ya miƙa wa Gwaggo.

"A tsaye! Kar ki girgiza, kar ki yi tari."

"Numfashi fa, ranka ya daɗe?"

Ya ruga bayan itace, yana yi yana waige. Da ya dawo, sai ya tarar tsohuwa ta cire murfin, ta kafa hanci a bakin bututun.

"Gwaggo! Kin kashe ni!"

Ba ta ko kalle shi ba. Ta sake shinshinawa, a hankali, ta daɗe.

"Daga ina ka ce ka ɗebo?"

"Gaban tsibirin da kike kafa raga."

"Ƙarya kake." Muryarta ta yi ƙasa. "Na san ƙamshin lakar wurin. A can uwata ta koya min iyo. Ba haka take ba."

Tausayinta ya kama Rosaire. Ta mai da murfin, ta danne shi da babban yatsa. Ya miƙa hannu zai karɓa, ta maƙe kafaɗa.

"Matsa can, hannunka rawa yake."

Delbert ya ta da mota, suka faɗa wani rami.

"Kai Delbert!" ta daka masa tsawa. "Dankali ka ɗauko ne? Tafi a hankali, ko da likita zai jira ni har gobe."