Akwatin Matan Jurf

Alhaji Sharfuddeen mutum ne da in ya ba da magana to ya bayar ke nan, ko da kuwa abin da ya bayar ba nasa ba ne. A shekarar da aka fara barin mata su jefa ƙuri'a a zaɓen baladiyya, wato na ƙaramar hukuma, ya tattara ƙuri'un gidajen Hausawan unguwar Jurf ta Madina kaf, na maza da na mata, ya miƙa wa Abdurra'uf mai shagunan tayil a kan kofin gahawa, bai tambayi kowa ba.

Ba za a ce ba shi da dalili ba. A Madina aka haife shi, a Madina aka haifi ubansa, ya ƙarar da ƙarfinsa a matatar mai ta Yanbu, amma har ya yi ritaya akwai masu tambayarsa asalinsa daga ina. Sai ga Abdurra'uf, mai arziki ɗan dangi, ya tako har majalisarsa, ya zauna a ƙasa, ya ci waina da miyar taushe har da neman ƙari, yana ta kiransa ammi, wato baffa. Wannan zama ya shiga ran tsohon ƙwarai. Kafin baƙon ya sa takalmi alkawari ya riga ya fita.

Ba a jima ba 'yar cikinsa Sundus ta shigar da sunanta takara a mazaɓar. Malama ce a makarantar 'yan mata ta unguwar, tana zaune da mijinta nan kusa. Abin da ya fito da ita ƙarami ne a idon maza: titin ƙofar makarantar da motoci ke sheƙa gudu a kai, da rashin rumfar da yara za su fake in suna jiran a zo ɗaukarsu da tsakar rana. Uban ya kira ta ya ce ta janye. Ya yi mata Hausa, ta amsa da Larabci kamar yadda ta saba tun tana ƙarama, ta ba shi haƙuri, ta sumbaci kansa, sannan ta ce ba za ta janye ba. Shi kuwa ya ce to kada ƙafarta ta sake taka masa gida.

Wadda abin ya faɗo wa a ka ita ce Hajiya Zulaiha, matarsa, uwar Sundus. Ita da 'yar nan kullum suna tare, ko girki ne ko asibitin gwiwa, yanzu kuwa sai dai waya a ɓoye in Alhaji ya tafi masallaci. Abin ya ci mata rai, ta yi kuka a kicin ba sau ɗaya ba. Tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa musa wa mijinta a gaban mutane ba, kuma ta san halinsa sarai: in aka kunyata shi a bainar jama'a zai iya riƙe fushin har kabari. Ita dai 'yarta take so ta dawo gida, kuma hanya ɗaya take gani, a yi zaɓen lafiya, mutumin Alhaji ya ci, zuciya ta huce.

A benen sama akwai Larai, matar wani ɗalibin jami'a ɗan Najeriya da ke haya a gidan. Ba ta da ƙuri'a a nan, amma ta sha bin layin zaɓe a Zariya, don haka da matan unguwa suka taru shan shayi bayan la'asar, ita suka sa a gaba da tambaya. Ta nuna musu yadda ake yi, ta ce in mace ta shiga bayan labule daga ita sai Allah, babu miji, babu wa, babu wanda zai taɓa sanin inda ta sa hannu. Ɗakin ya yi tsit. Matan suka kalli juna, kowace ta koma kan kofinta. Da Alhaji ya ji wannan shiru da ya sha jinin jikinsa.

Ranar zaɓe kuwa shi ya fi kowa himma. Lokacin mata ba sa tuƙi, sai ya fito da ƙatuwar motarsa ya yi ta jigilarsu zuwa makarantar 'yan mata, inda aka ajiye akwatin mata. Ya kai ya dawo, ya kai ya dawo, har ruwan sanyi ya saya musu. Duk wadda za ta sauka sai ya tuna mata lambar Abdurra'uf, ita kuma ta ce, "Tayyib, ya ammi," wato to baffa, cikin ladabi, ta gyara abaya ta shige.

Zulaiha na cikin sawun ƙarshe, kuma Allah ya sani da niyyar cika alkawarin mijinta ta shiga. Ta karɓi takardar, ta sa tabarau, tana bin sunaye da yatsa. Sai ta ci karo da sunan 'yarta, da na uban a jikinsa, da na kakan uban, wanda ya tako da ƙafa daga ƙasar Hausa, duk an buga su rangaɗau a takardar hukuma. Ranta ya ɓaci. Mutumin da aka yi ta tambaya daga ina ya zo, ga sunansa nan a inda ba mai iya gogewa, shi kuma ya rufe wa mai ɗauke da shi ƙofa saboda wani ya ci waina. Ta danna alƙalami a gaban sunan Sundus har sai da takardar ta kusa hujewa.

Abin da Larai ba ta sani ba shi ne a nan akwatin mata daban yake, kuma daban ake ƙirga shi a gaban wakilan 'yan takara. Wakiliyar Abdurra'uf a makarantar ƙanwarsa ce. Da aka haɗa sakamako Abdurra'uf ya ci da ƙuri'un maza, Sundus ta faɗi, amma a akwatin makarantar 'yan mata kusan duka nata ne. Na Abdurra'uf a ciki ba su cika yatsun hannu ɗaya ba.

Washegari da hantsi ana karyawa da ful da tamis, wato wake da gurasa, Abdurra'uf ya bugo waya yin godiya. Ya gode sosai, sannan ya yi dariya ya ce da alama ikon ammi bai kai kicin ba. Alhaji ya ajiye wayar a hankali. Ya daɗe yana kallon kwanon da ke gabansa, har tausayinsa ya kama Zulaiha.

"Ummu Sa'id," in ji shi, da sunan ɗansu na fari kamar kullum, "an ce akwai 'yan kaɗan da suka riƙe amana a akwatin nan. Na san kina cikinsu."

Ba tambaya ba ce, roƙo ne, kuma ta gane. In ta gyaɗa kai, zai fita ya ce matan unguwa sun yi abin da suka ga dama amma gidansa na nan daram, ba mai iya ƙaryata shi. Wataƙila ma nan da wata biyu ya huce ya ce yarinyar ta zo. Gyaɗa kai kawai ake nema, abin da ta yi shekara da shekaru tana yi ba tare da ta ji ciwon wuya ba.

"Ba na cikinsu, Abu Sa'id," ta ce. "'Yarka na zaɓa. In an sake gobe ita zan zaɓa."

Ya ce ta san abin da ta yi masa kuwa, a gaban mutumin da ya girmama shi. Ta ce ta sani, kuma bai tambaye ta ba ranar da ya yi kyauta da ƙuri'arta. Ya ce kalas, shi ke nan, tun da haka ne sai ta bi 'yar tata can. Nan ne Zulaiha ta ji tsoron da ta kwana da shi ya sake ta gaba ɗaya. Ta ce babu inda za ta, a gidan nan ta haifi yarinyar kuma a nan za ta gan ta. Ta ɗauki wayarta a gabansa, ta kira Sundus, ta ce mata da Hausa, don kada ma a ce ba a ji ba, ta taho yanzu.

Suka zauna, ba mai ci. Shayin ya huce a kofi. Can ƙararrawar ƙofa ta yi ƙara.

Alhaji bai motsa ba. Yana zaune a bakin hanyar fita, ya miƙe ƙafafunsa sun tare wurin wucewa, idonsa na kan bango. Zulaiha ta dafa ƙasa ta miƙe da kyar, ta taka har gabansa ta tsaya. Ba ta roƙe shi ba, kuma ba za ta tsallake ƙafar mijinta ba, don ba haka aka rene ta ba. Ƙararrawar ta sake ƙara.

Bai dube ta ba. A hankali ya naɗe ƙafafunsa, ta wuce.