Farin Zobe a Hoton Yaya

Auta ta tura allurar a jijiyar hannun yayarta, ta ce mata za ta ji sanyi yana hawa har kafaɗa. Yaya ta yi dariya, wai yarinyar da ta goya ce yau ke ba ta umarni. Gadon ya ja ta cikin bakin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, tafin ƙafafunta kaɗai suka rage a waje.

Auta ta koma bayan gilashi, inda ta daɗe tana aiki. Ita ta matsa aka zo, tun da ciwon kan Yaya ya ƙi jin magani, har ta fara zuba shayi a gefen kofi.

Ta san abin da take tsoron gani. Ruwan allurar ba ya fita daga lafiyayyar jijiyar ƙwaƙwalwa, don bangonta a matse yake. Amma ƙwayoyin ciwon daji kan saki wani sinadari da ke sassauta bangon, ƙananan kafofi su buɗe, ruwan ya yi ta tsatsafowa. Inda ya taru, nan hoton ke yin fari.

Hotunan suka fara fitowa, toka-toka. Can ta wajen ƙeya, a dama, wani farin zobe ya bayyana, tsakiyarsa baƙi ƙirin.

Muryar Yaya ta fito ta lasifika, a natse. "Auta, ce wa mutumin nan ya matsa."

"Wane mutum?"

"Na haguna. Tun safe yake bina, ko sallama bai yi ba."

Ba kowa a ɗakin sai Yaya da ƙugin na'ura. Auta ta san ciwon daji a wannan sashe na ƙwaƙwalwa kan nuna wa ido abin da babu. Duk da haka ta leƙa har bayan ƙofa.

Ta shiga, ta fito da gadon. Ba huruminta ba ne ta faɗi sakamako, na likita ne. Bakinta ya furta abin da ya saba faɗa wa kowa: "Sannu, baiwar Allah, an gama."

Yaya ta dakata da ɗaurin ɗankwali, ta daɗe tana kallonta.

"Yaushe na zama baiwar Allah?"

Auta ta durƙusa tana sa mata takalmi. Yaya ta juya hagu, ta ce a hankali, "To, jira ni in sallami ƙanwata."