Ranar da Aka Kulle Gidan Makoki

Ƙanena Istifanus ya rasu ranar Talata da yamma, ina can ƙauye wajen bikin 'yar wata ƙawata. Washegari na kama motar farko, amma da tsaye-tsayen direba na lodin buhunan citta, sai da rana ta take tsaka muka shigo gari. Tun a mota nake shirya zuciyata. Na san zan tarar da layinsu a unguwar Television ta Kaduna ya cika da bencina, matan zumunta na coci suna waƙa da tukwanen kiɗansu, hayaƙin girki yana tashi ta bayan gida. Istifanus mutum ne na jama'a, ko jaririn maƙwabta ne ya mutu sai ka gan shi da tabarma a kafaɗa.

Mai keke ya sauke ni na tarar da layin tsit. Get ɗin gidan a rufe da wani ƙaton kwaɗo da ban taɓa gani ba, ga kuma wani dogo da yunifom yana tsaye yana latsa waya. A tsallaken hanya, ƙarƙashin mangwaron mai faci, wani dattijo ne zaune a kan dardumarsa. Sai da na matsa na gane Alhaji Lawal ne na Tudun Wada, abokin Istifanus tun suna samari suna aiki a masaƙa.

"Malama Hephzibah, ya haƙuri?" in ji shi.

"Da godiya, Alhaji. Me kake yi a nan waje?"

"An ce ba a shiga. Ni kuma gaisuwa na zo yi, ban yi ba. To ina zan tafi?"

Tun safe yake wurin, da ciwon sugansa. Ya ce mutane sun yi ta zuwa ana mayar da su, har da faston cocinsu.

Matar Istifanus baturiya ce 'yar ƙasar Ailan, sunanta Vicky, amma a unguwa Maman Nelson ake ce mata, da sunan ɗansu da ke karatu a ƙasarta. Ta zo koyarwa ne tun tana 'yar siririya, ta ga ƙanena, ta zauna. Hausarta har yau a karkace take, sai dai tana tuƙa tuwon dawa ba gudaji. Tana ce min Yaya, ina ce mata matarmu. A wayarta akwai wani zauren hira na baƙi 'yan ƙasashen waje masu jin Turanci da ke zaune a Kaduna, Turawa da Indiyawa da 'yan Kenya da sauransu, ba a saka ɗan ƙasa. A nan suke tambayar juna inda ake samun cuku, da mai gyaran famfon da ba ya cuta, da maganin ƙurajen zafi. Vicky ce tsohuwar hannu a cikinsu, ita ke ba su amsa. Na sha yi mata tsiya cewa ita ce magajiyar Turawa, ban taɓa kawo wa raina zauren nan zai biyo mu har ƙofar gida ba.

Na tsallaka na tsaya gaban mai yunifom. An rubuta Samson a ƙirjin rigarsa.

"Buɗe."

"Mama, sori, madam ta ce no visitor."

"Wace madam?"

"Madam Joy."

"Wace ce kuma Joy a gidan ƙanena? Ka ga, ɗana, mai gidan nan a bayana ya girma. Ko ka buɗe, ko in haura katangar nan da ciwon gwiwata, duk unguwa ta fito ta ga abin da ka sa tsohuwa ta yi."

Ya dube ni, ya dubi katangar, ya ga da gaske nake. Ya buɗe min ƙaramar ƙofa yana ta "abeg, Mama, aikina ne."

Tsakar gidan da ya kamata a rasa wurin taka ƙafa, kaji ne kawai ke yawo a ciki. A falo na sami Madam Joy, wata doguwa 'yar Kanada mai aiki da wata ƙungiyar agaji, ita ce shugabar zauren nasu. In faɗi gaskiya, idonta ya yi ja don kuka, ta share falon, ta dafa shayi, ta rufe labulaye. Da ta ji ko ni wace ce sai ta rungume ni, ta miƙo min wayarta kamar mai nuna aikin kirki. Na koyar a firamare har na yi ritaya, Turanci ba ya ba ni tsoro, don haka na sa tabarau na karanta.

Ta rubuta wa 'yan zauren cewa 'yar'uwarsu Vicky ta yi rashin miji, iyali suna roƙon a bar su su kaɗai a wannan lokaci, kada kowa ya je gidan, mai son jajantawa ya rubuta a nan. A ƙasa kuwa hotunan zuciya ne da kyandir da furanni, an jera su har yatsana ya gaji da ja. Wani yana yaba mata da ta ba da aron maigadinta don kada maƙwabta su dami mai takaba.

"Wane iyali ne suka roƙa?" na tambaye ta da Turanci. "Ni ce iyalin. Ban roƙi kowa komai ba."

"Jiya a asibiti da bakinta ta ce ba ta son ganin kowa," ta ce a hankali.

"Ni ma haka na ce ranar da mijina ya mutu. Aka bar ni da maganata, aka cika min gida."

"Lokacin da mahaifiyata ta rasu, abin da na fi buƙata shi ne shiru. Muna ƙoƙarin kare ta ne."

"Wannan mahaifiyarki ce, a garinku. Wanda ya mutu a nan Istifanus ne, kuma ba ɓarawo ba ne da za a yi makokinsa a ɓoye."

Raina ya ɓaci sosai. Na ajiye mata wayarta a kan tebur na wuce ɗakin barci.

Vicky tana zaune a ƙasa, ta jingina da gado, takalman Istifanus na zuwa coci a gabanta. Wayarta na gefe tana ta haske tana mutuwa. Idonta a bushe ƙamas, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Na zauna kusa da ita da ƙyar, na kama hannunta.

"Matarmu."

Can ta ce da karkatacciyar Hausarta, "Yaya, ba wanda ya zo."

Na buɗe baki, ta riga ni.

"Tun safe ina saurara. Ko sallama ɗaya. Ni na je gaisuwar kowa a layin nan. Da mijin Maman Hadassah ya mutu, ni na wanke tukwane har hannuna ya yi fari. Na ɗauka na zama 'yar gida. Ashe don Istifanus suke gaishe ni. Yanzu ba shi, na koma baturiya." Ta nuna wayar da haɓa. "Suna cewa in koma gida bayan jana'iza. Wata ta san mai sayen gida. Wataƙila su ke da gaskiya."

Sai a lokacin na gane ba ta san da kwaɗon ba. Ɗakin yana can ƙurya, tagarsa bayan gida take kallo. An ce mata ta huta an ɗauke mata komai, ita kuma ba ta da ƙarfin tambayar mene ne koman. Ga mace zaune tana tsammanin unguwarta ta yar da ita, ga unguwa can waje tana tsammanin baturiya ta kore ta.

"Tashi," na ce mata. "An kulle miki get da kwaɗo, an sa maigadi. Fasto ya zo an mayar da shi. Matan zumunta sun zo an mayar da su. Alhaji Lawal yana gindin mangwaro tun safe, ya ƙi tafiya."

"Alhaji Lawal?"

"Da ciwon sugansa."

Na ga fuskarta ta yi ja tun daga wuya. Ta miƙe, ta gyara ɗaurin zaninta, ta ɗauki wayarta, ta fita ba takalmi. Ni ce ma na riƙa binta a baya ina ɗingishi. Madam Joy ta biyo mu tana kiran sunanta, tana cewa ba ta cikin halin da za ta iya da taro, ta bari zuwa jibi. Vicky ko waiwaye ba ta yi ba. Ta tsaya gaban maigadin ta miƙa hannu.

"Samson, ba ni makullin gidana."

Ya saci kallon madam ɗinsa, amma hannun Vicky bai sauka ba, sai ya zaro ya ba ta. Da kanta ta buɗe kwaɗon, ta tura ƙyauren nan biyu har suka bugi katanga, ta sa dutse ta tokare su. Ta miƙo min kwaɗon na jefa a jakata, yana nan har yau ina kulle akurkin kaji da shi.

Daga nan ta ɗaga wayarta ta yi rubutu. Wayar Madam Joy ta yi ƙara a hannunta, ta duba, ta juyo min da ita don in fassara. Da Hausa Vicky ta rubuta a zauren: mijina ya mutu, ƙofa a buɗe take, mai zuwa ya zo da kujerarsa.

"Vicky, ba za su gane ba," in ji Madam Joy. "Kin san ƙa'idar zauren, Turanci kawai."

"Su tambayi maƙwabtansu," Vicky ta ce, ta kashe wayar gaba ɗaya.

Ni kuma na bi layi. Ban sha wahalar nema ba, don ƙamshin dafa-duka ya kai ni gidan Maman Hadassah. Nan matan da aka kora suka taru, sun yi girkin makokin a can, suna zaune jugum ba su san inda za su kai shi ba. Maman Hadassah ta tarbe ni fuska a ɗaure.

"An ce mana ba a son mu."

"Wanda ya faɗa ba ɗan gidan ba ne. Ku ɗauko tukwanenku. Mai gidan tana tsaye a bakin get ba takalmi, tana jiran ku."

Ta naɗa gammo ta ɗora tukunya. Sauran suka kwashi bencina da tabarmi da itace, wata ta aika a kira fasto, wata ta fara waƙa tun daga hanya, sauran suka amsa. Masu shaguna suka riƙa janyo ƙofofinsu suna biyo mu.

Amma Alhaji Lawal ne ya riga kowa. Muna karyo kwana na hango shi ya naɗe dardumarsa yana tsallaka hanya a hankali. Ya tuɓe takalmansa a bakin get, ya durƙusa gaban Vicky duk da tsufansa.

"Maman Nelson, ya haƙuri? Allah ya ba mu haƙurin rashinsa. Ni na rasa ɗan'uwa, ke kin rasa miji. Gidan nan ba za ki zauna a cikinsa ke kaɗai ba muna raye."

Ta buɗe baki za ta ce da godiya, kamar yadda ta ji ana cewa a gidajen mutane shekara da shekaru. Sai kukan ya zo mata gaba ɗaya, irin wanda ke durƙusar da mutum, matan suka ajiye kayansu suka kewaye ta, Maman Hadassah ta tallafe kanta a ƙirji tana cewa yi abinki, yi abinki, muna nan.

Madam Joy tana tsaye jikin motarta da makulli a hannu, ta rasa ko shiga za ta yi ko fita. Na ga wata tsohuwa ta matsa mata wuri a kan benci. Ko ta zauna ko ba ta zauna ba ban tsaya gani ba, don tsakar gidan ta fara cika, kuma mutanen nan sai sun sha ruwa sun ci abinci. Na zaga bayan gida na jera duwatsun murhu na hura wuta. A can, cikin hayaƙi, na yi wa ƙanena nawa kukan.