Takalma a Ƙofar Ɗakin Gwaji

Ranar da na fara shiga ɗakin gwaje-gwaje na kwalejinmu, na tuɓe takalmana a bakin ƙofa. Haka aka koya mana a Danchadi, ba a shiga wurin malami da takalmi. 'Yan Lambara da ke bayana su ma suka tuɓe.

Malam Sodangi, mai koyar da ilimin sinadarai, ya leƙo ya ga silifa jibge kamar ƙofar masallaci.

"Wa ya fara wanga aiki?"

Na durƙusa na ce, "Ni ce, Malam. Ladabi ne."

Bai yi faɗa ba. Ya ɗiga wa tsumma wani ruwa garai-garai daga kwalba. Muna kallo tsumman ya yi baƙi, ya huje.

"Ruwan ga bai san ladabi ba, Bahijja. Tashi ki sa takalminki."

Na sa, na wuce layin gaba. A gida in babba na magana ƙasa nake kallo, amma nan sai na dube shi ido cikin ido.

"Malam, to mi ya hana shi cin kwalbar?"

Ya ajiye tsumman ya ce, "Yanzu kika gaishe ni."