Buroshin Saje Tanko

Shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki, Saje Tanko ya yi ritaya ya dawo Gyadi-Gyadi, hannunsa na ƙaiƙayi don babu takalmin gogewa. Matarsa Sa'adatu kuwa ta jiyo a gidan biki a Tarauni cewa goge busasshiyar fata da buroshi kafin wanka yana sa ta laushi. Ta ɗauko na takalminsa ta dirji ƙwaurinta, ba ta lura da ragowar baƙin man takalmi a jikinsa ba.

Tanko ya shigo ya tarar ƙafa ɗaya na walƙiya. Ta tsargu, tana jiran faɗa. Sai ya durƙusa ya karɓe buroshin.

"Ta dama ta isa shiga fareti, Sa'a. Miƙo ta hagun."