Inda Take Gane Shi

Kullum idan rana ta yi sanyi, Baba Keke yakan ɗauki tsohuwar jakar aikinsa ya fita ta ƙofar baya. Ya daɗe da barin gyaran keken ɗinki, idanunsa sun daina ganin kafar allura, jakar ma ba komai a cikinta sai sukundireba da kwalbar mai da ta bushe. Yakan bi ta lungun masu gawayi, ya zagaya bayan makarantar firamare, ya ɓulla tsohuwar tashar jirgin ƙasa wadda rabin rufinta ya zube. Sai ya tsaya a kan dakali ya gyara hula, sannan ya sauko kan layin dogo ya kamo hanyar gida, kamar wanda ya sauka daga jirgi yanzun nan.

Shekara da shekaru ba jirgin da ya bi layin. Ciyawa ta cinye tsakuwar, awaki suna kwanciya a kan katakan, mutane sun kakkafa rumfuna a gefe da gefe. Amma duk unguwar an san abin da ke kai tsohon can.

Matarsa ce. Cutar mantuwa ta kama ta a hankali, ta fara da manta inda ta ajiye ashana, ta ƙare da manta mijinta. A cikin gida, idan ya shigo ɗaki, sai ta ja mayafi ta rufe kai ta ce, "Bawan Allah, maigidan ba ya nan." Likita ya ce ba abin da za a yi sai haƙuri. Abu ɗaya ne bai goge daga ranta ba. A zamanin da yake aiki a birni, jirgin yamma yake biyowa ya dawo, ita kuma takan fito kan layi ta tarye shi. Har yanzu idan lokacin ya yi takan sa takalmi ta fita, kuma ba a hana ta, don a kan layin ba mota ba babur, ba abin da zai taɓa ta.

Bai shirya abin ba. Wata rana ce ta ɓace, ya neme ta har tasha bai gan ta ba, ya juyo ta kan layi gwiwa a sake. Sai ga ta tsaye a gabansa, hannu a ƙugu.

"Sarkin latti," in ji ta. "Sai yanzu?"

Rabon da ta kira shi da wannan suna har ya manta.

Tun daga ranar ya mayar da abin aiki. Takan karɓi jakar ta ce ta yi nauyi, ta tambaye shi ko maigidan shagon ya sake yi masa faɗa, ta yi masa tsegumin maƙwabta waɗanda da yawansu sun riga mu gidan gaskiya. Yakan amsa mata ɗaya bayan ɗaya. Wani lokaci takan kakkaɓe masa kafaɗa ta ce, "Dubi rigarka. Kai dai ko yaro ya fi ka tsabta." Suna isa ƙofar gida ta shiga ta juyo, sai ya ga fuskarta ta rufe kamar taga. Daga nan ya koma bawan Allah sai gobe.

Rumfar Mai Walda tana bakin layin, kusa da inda suke haɗuwa. Abokinsa ne tun suna samari, kuma bai taɓa barin ya wuce lafiya ba.

"Ango! An fito zance?" yakan ce, yana ɗaga gilashin fuskarsa. "Kai kaɗai na sani mai neman auren mace ɗaya kullum, kuma kullum a kore ka a bakin ƙofa."

"Ni dai ana tarye ni," Baba Keke yakan ce. "Kai taka ko tsayuwa ba ta yi in ka shigo."

"Tana tsayuwa mana. Ta ɗauko tsintsiya."

Ana haka labari ya zo cewa hukuma na tunanin dawo da jirgin. An ce za a tambayi kowace unguwa da layin ya ratsa, inda jama'a suka amince a can za a fara. Za a kwashe rumfuna, a kafa shingen waya gefe biyu, ba mai sake taka layin. Nan da nan unguwa ta rabu biyu. Masu sana'a a bakin layi suka ce ba su yarda ba. Masu zuwa birni aiki suka ce ai an ma yi jinkiri.

Auta tana cikin na biyun. Ita ce ƙaramar 'yar Baba Keke, mijinta ya rasu ta dawo gida da 'yarta ƙarama, tana aiki a wata masana'antar sabulu a can ƙarshen birni. Takan fita garin bai gama wayewa ba, ta canza mota a hanya, ta dawo yarinyar ta riga ta yi barci. Ranar hutunta ta same shi a tsakar gida yana wanke wa matar tasa kofin magani.

"Baba, za ka je taron?"

"Zan je."

"Ban ce ka bi bayana ba." Ta zauna a kan turmin da aka kife, ta cire takalmi tana matsa ƙafarta da ta kumbura. "Na san abin da layin nan yake a wurinka. Wallahi na sani. Amma jiya malamar su yarinyar nan ta tambaye ta wa ke yi mata kitso, ta ce maƙwabciya. Ta ce mamanta a birni take zaune, tana zuwa ziyara."

Ta yi dariya, dariyar ba ta kai ko'ina ba. Shi kuma ya ci gaba da wanke kofin da ya riga ya wanku.

Kwanakin da suka biyo baya ya yi su yana juya maganar. Ya gwada gaya wa kansa cewa hannunsa ɗaya ne cikin hannaye masu yawa, ko ya ɗaga ko bai ɗaga ba abin da za a yi za a yi. Amma wannan bai kwantar masa da rai ba, don Auta za ta gani, shi ma zai sani. Ya gwada cewa don matarsa zai ƙi, ba don kansa ba. Sai ya tambayi kansa, wa ke cin moriyar tafiyar nan? Ita tana mantawa kafin ta cire takalmi. Shi ne ke kwana da ita a rai, yana juya kowace kalma har gari ya waye. To amma a ɗan lokacin nan ita ma tana dariya, kuma bai san inda aka ce farin cikin da aka manta bai zama farin ciki ba. A ɗaya gefen kuma ga yarinya tana girma tana ɗaukar uwarta baƙuwa, ita da lafiyarta lau. Ya ga gidansa mutum biyu ke fama da ciwo iri ɗaya, kuma na ɗaya ne kawai yake da magani.

A ajin makarantar firamare aka yi taron, manya suka matse a kan bencin yara. Wani jami'i ya yi bayani da taswira a jikin allo. Mai Walda ya miƙe ya yi magana har jijiyar wuyansa ta fito.

"Lokacin da kuka kwashe jirginku wa kuka tambaya? Muka zauna muka share wurin, muka kore macizai, muka samu abin kai wa iyali. Yanzu kun tuna kuna da layi?" Sai ya juya ya nuna Baba Keke. "Ga dattijo nan. Kowa ya san halin da yake ciki. Ku dubi idonsa ku ce za ku sa waya."

Baba Keke ya sunkuyar da kai, ya ji kamar an tuɓe masa riga a kasuwa.

Da aka ce masu son a dawo da jirgi su ɗaga hannu, ya ga Auta a can jikin taga cikin mata. Ba ta ɗaga ba. Ta haɗa hannayenta a cinya tana kallon ƙasa, ya kuma san saboda wa. Sai ya ɗaga nasa. Ya ɗaga shi sama sosai, yadda za ta gani.

Ashe ba a ma buƙaci hannun nasa ba. Masu so sun rinjaya da nisa.

A bakin ƙofa Mai Walda ya tare shi. "Na tsaya maka a gaban jama'a, ka kwance mini zani."

"Rumfarka ka tsaya wa."

"Har da rumfata. Amma har da kai, tsohon banza. Kai wane irin mutum ne? Wa zai sake ce maka sarkin latti?"

Baba Keke ya raɓa shi ya wuce gida.

Aiki ya fara da wuri fiye da yadda kowa ya zata. Motoci suka zo suka ture rumfuna, aka sare ciyawa, aka kakkafa turaku. Ya ci gaba da tafiyarsa ta cikin ƙura da ƙarar injina har ranar da waya ta iso bayan gidansu. Da yammar nan matarsa ta fita kamar kullum, ta tarar da shinge. Ta bi shi dama, ta bi shi hagu, ta dawo ta tsaya tana kallon shingen kamar an yi mata magana da yaren da ba ta ji.

Ya gwada dawowa ta titi da jakar a hannu. Ta kalle shi ta kauce masa. Ya gwada ta lungun masu gawayi. Ta ce masa sannu, bawan Allah. Auta ta ce, "Baba, in jirgin ya fara aiki sai ka riƙa shiga da gaske, ka sauko, mu kawo ta tasha ta tarye ka." Ya ce to. Bai gaya mata cewa ya tambaya ba, an ce masa tsohuwar tashar rushe ta za a yi, sabuwar tana can gaba bayan kasuwa, inda matarsa ba ta taɓa jiran kowa ba.

Wata ranar da ma'aikatan suka tashi da wuri, ya sami inda ba a gama ɗaure wayar ba kusa da tasha. Ya cusa jakar, ya rarrafa ya shiga, wayar ta yage masa riga. Ya gyara hula ya kamo hanya a kan sabuwar tsakuwa mai kaifi. Daga nesa ya hango ta a bayan shinge. Ya ga lokacin da ta gane shi, duk jikinta ya miƙe.

"Sarkin latti! Ina ka shiga? Na yi ta jira, na yi ta jira!"

"Ga ni, ga ni. Aiki ne ya riƙe ni."

Ta miƙo hannu don ta karɓi jakar, hannun ya bugi waya. Ta sake miƙowa. Sai ta kama wayar da hannu biyu.

"Wa ya rufe ka? Me ka yi musu?"

"Ba kowa. Tsaya nan, zan zagayo."

"Kada ka tafi!" Ta fara jijjiga shingen. "Jama'a! Sun kulle mini miji! Ku buɗe masa, bai yi komai ba!"

Ya sa yatsunsa ta cikin ramukan wayar ya riƙe nata, yana kiran sunan da shi kaɗai ke kiranta da shi, amma ba ta ji. Tana ja, bakin wayar yana yanka mata tafin hannu, jini yana bin turke. Idan ya tsaya za ta ci gaba da ja. Idan ya juya don ya zagayo za ta ga mijinta yana tafiya ya bar ta. Mai Walda ne ya jiyo ihun daga inda ya koma da injinsa a bakin titi, ya zo a guje ya ɓamɓare hannayenta da ƙyar, yana cewa, "Yi haƙuri, Yaya, yanzu za a sake shi." Sannan ya dubi abokinsa ta cikin waya ya ce a hankali, "Tafi mana. Zagayo."

Ya juya. Tana ta kiransa har ya kai tasha, bai waiwaya ba, don ya san in ya waiwaya ba zai iya ci gaba ba. Kafin ya fita ta ramin da ya shigo ya riga ya yanke cewa ba zai sake ba.

Da ya iso gida ya tarar da ita zaune a kan tabarma, kukan ya tsaya, tana kallon hannayenta da mamaki. Ya kawo ruwan ɗumi da auduga da bandeji ya durƙusa a gabanta. Ta ja mayafi da gefen hannu ta rufe kai, amma ta bar shi ya wanke ciwon.

"Allah ya saka da alheri, bawan Allah," in ji ta. "Hannunka da sauƙi. Kana da iyali?"

"Ina da."

"To ka yi sauri ka koma. Rana ta faɗi, kada ka bar ta tana ta jira."

"To," in ji shi. Ya yago wani bandejin, ya ce ta miƙo ɗaya hannun.